Me ya haɗa tantanin cikin ƙwaya da girman kan jariri?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu ta koyon aikin ungozoma a nan Maradi. Makon jiya, a inda nake koyon aiki, an haifi wata jaririya, watanninta tara cur, amma da muka auna zagayen kanta santimita 29 ne kawai. Likita ya ce mini tun a ciki ne ƙwayoyin ƙwaƙwalwarta ba su rarrabu yadda ya kamata ba, har ya ambaci tantanin da ke cikin ƙwaya. Mu a aji kuromozom da mazari kawai aka koya mana a darasin rabuwar ƙwaya. Ina ruwan tantanin ciki da wannan aiki? Kuma me ya sa ƙwaƙwalwa ce ta ƙanƙance, alhali hannuwan yarinyar da ƙafafunta lafiya lau? Kakarta ta wajen uba tana cewa uwar ce ta ci wani abu."

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya raya jaririyar, ya ba mahaifiyarta lafiya da juriya. Tambayarki kashi biyu ce: me tantanin da ke cikin ƙwaya, wato ƙwayar halittar da ake gina jiki da ita, yake yi sa'ad da ƙwaya ɗaya za ta zama biyu, sannan me ya sa idan aikin ya sami tangarɗa ƙwaƙwalwa ce ta fi shan wahala. Maganar kaka zan zo kanta daga baya, domin ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Ban ga laifin malamanku ba, ni ma shekara da shekaru haka na koyar. Nakan sa ɗalibai su tsoma gindin albasa a ruwa kwana uku ko huɗu har saiwa ta fito, mu yanko ɗan bakin saiwar, mu sa mata rini, mu danne ta tsakanin gilashi biyu, mu duba a madubin likita. Abin da rinin yake kamawa kuromozom ne, wato ƴan sandunan da ke ɗauke da kundin gado. Suna fitowa ɓaro-ɓaro, wasu sun yi layi a tsakiya, wasu ana janye su gefe biyu. Sauran jikin ƙwayar kuwa sai ya zama fili fetal. Ɗalibi ya tashi da tunanin ƙwaya jaka ce cike da ruwa, kuromozom suna iyo a ciki. Alhali a ƙwayar hanta, alal misali, tantanin da ya zagaye ta ta waje bai wuce kashi 2 cikin 100 na dukan tantaninta ba. Sauran duk a ciki yake, a ninke kamar turmin zane.

Mafi yawansa shi ne ragar ciki, wadda littattafanku suke kira retikulum. Keith Porter da abokan aikinsa ne suka fara ganinta da madubin lantarki a 1945. A cikinta ake haɗa man da ake gina tantani da shi, da furotin ɗin da za a fitar waje. Daga nan kaya sai ya wuce Golji, wanda ya ci sunan Camillo Golgi, ɗan Italiya da ya gano shi a 1898, kuma a ƙwayoyin jijiya ya fara ganinsa. Aikin Golji irin na tashar mota ne: kaya ya iso, a ɗaure shi, a rubuta masa inda za shi, na Damagaram daban, na Tawa daban. Akwai ƴan jakunkuna masu kai kawo, ana ce musu endozom, akwai mitokondiriya masu samar da ƙarfi. Sai tantanin da ya rufe cibiyar ƙwaya, inda kuromozom suke zaune. Shi ninki biyu ne, kuma ninkin wajensa a haɗe yake da raga. Ki riƙe wannan, katangar cibiya wani ɓangare ne na ragar ciki.

Abin da ke faruwa cikin sa'a ɗaya

Rabuwar ƙwaya a jikin mutum takan ɗauki kamar sa'a guda. Mazari, wato tarin zaruruwan da ke janye kuromozom gefe biyu, yana tsirowa ne a waje da cibiya, kuromozom kuma suna cikinta, don haka dole katanga ta faɗi kafin su haɗu. Wani furotin mai suna CDK1 ne yake ba da umarni. Yana taɓa lamin, wato azarar da ta tokare katangar ta ciki, sai su warware, ƴan ƙofofin da ke jikin katangar su wargaje, tantanin ya koma cikin raga ya saje da ita.

Daga nan sai a share fili. Zaruruwan mazari suna neman kowane kuromozom su kama shi ta gefe biyu, kuma ba za su iya ba idan tantani ya gitta. Ana tura raga zuwa gefen ƙwaya, tsakiya ta zama tamkar farfajiyar da aka kwashe tabarmi. A 2013 an nuna cewa furotin biyu, REEP3 da REEP4, suna cikin masu wannan shara, kuma idan aka cire su raga takan manne wa kuromozom, rabo ya lalace. A 2022 ɗakin binciken Stephen Royle a Ingila ya ƙara nuna cewa kuromozom ɗin da ya ɓace ya faɗa wajen filin, raga takan naɗe shi ninki a kan ninki har mazari ya kasa kai gare shi. Ƙwaya ɗaya ta tafi da ƙari, ɗaya ta tafi da giɓi.

Na taɓa kallon wannan da idona lokacin da nake karatu a waje, a ƙwayoyin da aka sa wa ragarsu launin kore mai haske. Kore ya cika ko'ina, sai tsakiya da ta yi baƙi wuluk da siffar mazari. Ba a sa wa mazarin launi ba, amma ana ganinsa ta wurin da raga ta kauce masa. Tun ranar na canja yadda nake koyar da wannan darasi.

Golji shi kuma sai an farfasa shi. A ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa dunƙule ɗaya ne, ba zai rabu biyu a haka ba. Tun kafin rabuwa ta fara yake tsintsinkewa, kuma an gano a 2002 cewa idan aka hana shi tsinkewa ƙwaya takan tsaya, ta ƙi shiga rabuwar. Mitokondiriya ma suna gutsuttsurewa don kowace ɗiya ta sami nata.

Bayan an janye kuromozom gefe biyu, raga takan dawo ta lulluɓe kowane tari, ta gina sabuwar katanga. Ƴan ramukan da suka rage inda zaruruwa suka ratsa, wata ƙungiyar furotin mai suna ESCRT ce take ɗinke su. Ita ce kuma take yanke ƴar gadar ƙarshe da ta haɗa ƙwayoyin biyu, yankan cibi ke nan irin nasu. Idan yankan bai yiwu ba, sai a sami ƙwaya ɗaya mai cibiya biyu. Yaran da suka gaji lahani a furotin CEP55, wanda yake kiran masu yankan zuwa gadar, ko a CIT, wani furotin da shi ma yake aiki a gadar, an sami irin waɗannan ƙwayoyin jijiya masu cibiya fiye da ɗaya a ƙwaƙwalwarsu. Ita ma albasar da muke dubawa, sabon bangon da ke raba ƙwayoyinta biyu da ƴan jakunkunan Golji ake gina shi. Muna kallon aikin tantani duk shekarun nan, rininmu ne bai nuna mana ba.

Iri da abinci

Yanzu ga kashi na biyu. Ƙwaƙwalwa tana farawa ne a matsayin ɗan bututu da ke rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba. Bangon bututun cike yake da wasu dogayen ƙwayoyi sirara, ƙafa ɗaya a bakin ramin ruwan da ke tsakiya, ɗaya ta miƙe har bayan ƙwaƙwalwa. A 1972 Pasko Rakic ya nuna cewa sababbin ƙwayoyin jijiya suna bin jikinsu ne su hau zuwa mazauninsu, kamar mai hawan igiya. Sai wajen 2000 da 2001 aka tabbatar cewa su ne ma suke haifar ƙwayoyin jijiyar. Ni ƙwayoyin iri nake ce musu a aji.

Manomin da ya girbe gero yana da zaɓi a kan kowane dami, ko ya ci ko ya ajiye iri. Haka ƙwayar iri. Tana iya rabuwa ta ba da iri biyu, tana iya ba da iri ɗaya da ƙwayar jijiya ɗaya, tana iya ƙarewa gaba ɗaya ta ba da ƙwayoyin jijiya biyu. Ita kuwa ƙwayar jijiya ba ta ƙara rabuwa har abada, an ci ta ke nan. Da farko ana tara iri ne kawai, daga baya a fara ci kaɗan kaɗan. Ki yi lissafi: ninki goma yana mai da ɗaya 1024. Idan aka rasa ninki ɗaya tak saura 512, idan uku aka rasa saura 128. A ɓera ana haifar ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa cikin kwana 6 da zagayen rabuwa 11. A biri ana yin aƙalla zagaye 28 cikin kusan wata biyu. Mutum kuwa sai ya kai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, biliyan 16 daga ciki a ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan na ɓawon ana haifar su ne kafin ciki ya wuce rabi sosai. Bayan nan damina ta wuce. Hanta da fata da ƙashi suna ci gaba da rabuwa bayan haihuwa, suna iya cike giɓi. Ƙwaƙwalwa ba ta da wannan dama, kuma ƙoƙon kai yana girma ne gwargwadon abin da ke tura shi daga ciki. Wannan shi ne bayanin da ya fi karɓuwa a kan abin da kika gani, kai ƙarami a jiki mai kyau. Akwai kuma cututtukan da jiki duka yake ƙanƙancewa tare da kan.

Ƙwayoyin irin nan ba su jure jinkiri. Ɗakin binciken Debra Silver a Amurka ya nuna a 2016 cewa idan aka tsawaita lokacin rabuwarsu, ƴaƴan da suka haifa sukan zama ƙwayoyin jijiya kafin lokaci, ko su mutu. Duk abin da na faɗa miki a sama, raga da ba ta kauce ba, Golji da bai tsinke ba, katanga da ba ta ɗinku ba, kowanne yana iya kawo jinkiri ko ya ɓata rabuwar.

Suna kuma da wata ɗabi'a da Frederick Sauer ya bayyana tun 1935. Cibiyarsu tana hawa sama ta kwafi kundin gado, wato DNA, wanda kuke rubutawa ADN, sannan ta gangaro har bakin ramin ruwa, a nan kaɗai take rabuwa. Mai jan ta ƙasa wani furotin ne ɗan dako mai suna dainin, kuma abin da yake kamawa ƙofofin da ke jikin katangar cibiya ne. Idan kamun bai yiwu ba cibiya ba ta isa, rabuwa ba ta faruwa.

Rabon da ba daidai ba

Wannan sashe ne ya fi burge ni, kuma shi ne ainihin amsar tambayarki. Kuromozom ana raba su daidai wa daida, 46 nan, 46 can. To, idan kundin gadonsu ɗaya ne, me yake sa ɗiya ɗaya ta zauna iri, ɗaya ta zama ƙwayar jijiya? Wani ɓangare na amsar yana cikin kayan gidan da kowace ta gada, kuma yawancin kayan nan tantani ne.

Kowace ƙwayar iri tana da ɗan gashi guda da ya leƙa cikin ruwan ƙwaƙwalwa yana karɓar saƙo, kamar eriyar rediyo. An daɗe ana ɗauka yana rushewa gaba ɗaya kafin rabuwa. A 2013 ɗakin binciken Wieland Huttner a Jamus ya nuna cewa ana haɗiye ragowar tantaninsa zuwa ciki, ya maƙale a gefe ɗaya na mazari. Ɗiyar da ta gaje shi takan riga ƴar'uwarta kafa sabuwar eriya, ta riga ta jin saƙo, kuma ita ce ta fi zama iri.

Endozom ma ba a raba su daidai. A ƙudan ƴaƴan itace da ake bincike da shi, da kuma lakar bayan wani ɗan kifi, an ga wasu ƴan jakunkuna masu ɗauke da saƙon Notch suna taruwa a tsakiyar mazari, sannan su karkata zuwa ɗiya ɗaya. Notch saƙo ne da ke yanke makomar ƙwaya, kuma a ƙwaƙwalwar da ke tasowa shi ne yake ce wa iri ya dakata, kada ya zama jijiya tukuna.

Ita kanta raga, ɗakin binciken Sebastian Jessberger a Zurik ya gano a 2015 cewa lokacin rabuwa takan kafa shinge a jikinta, abin da ke wannan gefe ba ya ƙetarawa wancan cikin sauƙi. Lalatattun furotin sukan taru a ɗiya ɗaya, ɗayar ta fita da tsabta, kuma shingen yana rauni idan dabba ta tsufa. Sai mitokondiriya: a 2020 Pierre Vanderhaeghen da mutanensa a Beljiyam suka nuna cewa jim kaɗan bayan rabuwa, ɗiyar da mitokondiriyarta suka sake haɗewa suka yi tsawo takan zauna iri, wadda nata suka ci gaba da zama gutsattsari takan zama jijiya. Da suka tilasta haɗewar da magani, sai ƙwayoyi da yawa suka zauna iri. A ganina wannan ne gwajin da ya fi ƙarfi a cikinsu, domin bai tsaya ga kallo ba, ya taɓa abin ya ga makoma ta sauya.

Inda cuta ta tabbatar da zancen

A 2015 aka ga jarirai masu ƙaramin kai sun yawaita a arewa maso gabashin Barazil, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci ranar 1 ga Fabrairu 2016. Sanadin ƙwayar cutar Zika ce, wadda aka fara ganowa a dajin Zika na Uganda a 1947, sauron Aedes yake yaɗa ta. Zika tana son ƙwayoyin iri, kuma idan ta shiga, a ragar ciki take kafa masana'antarta, ta lanƙwasa tantanin ta yi ɗakunan da za ta hayayyafa. Ɗaya daga furotin ɗinta, NS4A, yana kama wani furotin namu mai suna ANKLE2, wanda mazauninsa raga da katangar cibiya. Tun kafin annobar an riga an san cewa yaron da ya gaji lalataccen ANKLE2 daga uwa da uba ana haifarsa da ƙaramin kai. A ƙuda, ɗakin binciken Hugo Bellen a Amurka ya nuna cewa rashin ANKLE2 yana ɓata rabon da ba daidai ba ɗin nan, kuma NS4A kaɗai ya isa ya jawo irin wannan ɓarna. Gado da ƙwayar cuta, hanya biyu daban, suka haɗu a tantani ɗaya.

Kada ki ɗauka duk ƙaramin kai na gado daga tantani yake. Wanda ya fi yawa shi ne lahani a wani furotin mai suna ASPM, da aka gano a 2002 a wasu iyalai ƴan asalin Pakistan, kuma aikinsa a bakin mazari yake. Mai bi masa, WDR62, yana zama a Golji idan ƙwaya tana hutawa, ya koma bakin mazari idan za ta rabu, abin da ke nuna miki cewa raba su da muke yi a aji don sauƙin koyarwa ne. Yawancin irin waɗannan cututtuka sai an gada daga ɓangare biyu, kamar sikila. Uwa da uba lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa sukan fi fitowa a inda auren zumunci ya yi yawa, kuma mun san yadda yake a garuruwanmu.

Komawa ga jaririyar

Mafi yawan abin da na ba ki daga ƙuda, kifi, ɓera da ƙwayoyin da aka raina a kwano aka samo shi, domin ba a buɗe cikin mace a kalli ɗan tayi yana girma. Tun 2013 Madeline Lancaster da Jürgen Knoblich a Biyana suka fara raina ƴan ƙwaƙwalwa ƙanana daga ƙwayoyin mutum, suka ga iri yana ƙarewa da wuri a na wani mai ƙaramin kai, amma su ma ba su da jijiyoyin jini, ba cikakkiyar ƙwaƙwalwa ba ce. Haka kuma ni malamin aji ne da ɗakin gwaji, ban duba yarinyar ba, kuma igiyar awo tana faɗin girman kai ne, ba ta faɗin sanadi. Wannan aikin likitan yara ne.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin zagayen kan jaririyar da ta cika wata tara santimita 33.9 ne, na namiji 34.5. Ƙasa da 31.5 ga mace ana kiransa ƙaramin kai, ƙasa da 30.3 mai tsanani. Don haka 29 ba abin jira a gani ba ne. A sake aunawa da kyau, igiyar ta bi saman gira da inda ƙeya ta fi tudu, sau uku, a ɗauki mafi girma, sannan a maimaita bayan kwana ɗaya ko biyu, domin matsin haihuwa yakan sauya siffar kai. A tabbatar da watannin cikin. A auna kan uwa da na uba. A tambayi uwar ko ta yi zazzaɓi da ƙuraje a watannin farko, domin rubela, wato ƙyandar Jamus, da sitomegalobirus, da toksoplasma, da tunjere duk suna iya jawo haka, kuma wasunsu suna da gwajin jini, tunjere da toksoplasma suna da magani. A tambayi magungunan da ta sha, musamman na farfaɗiya. A tambaya cikin ladabi ko ita da mijinta ƴan'uwa ne, ko an taɓa haihuwar irin wannan a dangi. A duba ji da ganin yarinyar, a gaya wa uwar yadda za ta gane jijjiga idan ta zo, a kula da shan nononta. Ƙwayoyin da ba a haifa ba ba za su dawo ba, amma waɗanda ke nan suna ci gaba da haɗa hanyoyi tsakaninsu shekaru bayan haihuwa, kuma a nan ne nono, rigakafi, wasa da magana da gashin ƙashi suke da amfani na gaske.

Ita kuwa kaka, kada ki yi mata gardama a gaban mutane, babbar mace ce kuma tsoro ne yake magana a bakinta. Ki nemi babbar ungozomar ɗakin ko likitan su zauna da ita da ɗanta a keɓe. A gaya musu abin nan ya faru ne a watannin farko, cikin ƙwayoyin da ido ba ya gani, ba daga ƙwai ko wani abincin da mai ciki ta yi kwaɗayinsa ba. Idan ciwo ne ya shige ta, ba ita ta kira shi ba. Idan gado ne irin wanda na bayyana, rabi daga gidan uwa ya fito, rabi daga gidan uba. Na ga matar da aka mayar gidansu a kan irin wannan haihuwa da jariri a goye, ba na so a ƙara. Ki rubuta awon kan a katin yarinyar da kwanan wata, ki ce su dawo da shi duk ranar rigakafi a sake aunawa.